Kafin Ki Kai Angona Daji

'Yata, saƙonki ya iso, kuma sai da na saurare shi sau uku, don karon farko dariya ce ta hana ni jin ƙarshensa. Wai ke da maigidanki kun sayi tanti, za ku tafi Yankari hutun ƙarshen shekara, ku kwana uku a waje da yaro ɗan wata bakwai, kina tambaya ko Goggo za ta yi faɗa. Mu da muka yi ta roƙon Allah Ya fid da mu daga bukka Ya sa mu a ɗakin kwano, yau ga 'ya'yanmu suna zare kuɗi daga aljihu don su koma bukkar leda. Allah mai iko.

Ba zan yi faɗa ba. Wadda ta yi goyon fari a tunga, a bakin kogin Gongola, ba ta da bakin cewa jariri ba ya kwanan daji. Matan Fulani suna tashi da goyo daga wannan ruga zuwa waccan tun ba a haifi kakanninmu ba, kuma 'ya'yansu sun girma sun zama mutane. Yaro bai san gida da bango ba. Gidansa bayanki ne, rumbunsa ƙirjinki, inda kika sauka nan ne garinsu. Saboda haka ku je. Sai dai ina da sharaɗi ɗaya babba, sauran maganganun duk 'yan rakiya ne: ku ɗaga tafiyar nan zuwa ƙarshen Fabrairu.

Ki ɗauko katin rigakafinsa ki duba. An yi masa na ranar haihuwa, an yi na sati 6 da sati 10 da sati 14. Akwai layin da ba a cike ba tukuna, na wata 9, ranar da ake yin allurar ƙyanda haɗe da ta shawara. Wannan ta shawarar ita ce ta sa na ce ku dakata. Cutar tana zaune a jikin birai a daji, sauro ya ciji biri ya zo ya ciji mutum, kuma irin sauron da ke ɗaukar ta ba ya jiran dare kamar na zazzaɓi, da rana ma cizo yake yi. A damunar 2019 cutar ta ɓulla a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda Yankari take, aka bi sawun waɗanda suka kamu aka tarar da dama daga cikinsu sun shiga dajin, har da ɗaliban da suka zo yawon buɗe ido daga Borno, kuma an yi rashi. Ba ina tsorata ki da wurin ba ne. Mutane suna zuwa suna dawowa lafiya lau. Amma cutar ba ta da maganin da ke kashe ta, allurar kuwa guda ɗaya ce tak, ta ishi mutum har tsufa, kuma tana buƙatar kwana 10 kafin ta kama jiki. Angona zai cika wata tara a Fabrairu. A yi masa, ki ƙirga kwana goma da yatsunki, sannan ku ɗaure kaya. Ku ma iyayen ku bincika ko an taɓa yi muku. In ke ba a yi miki ba, ki gaya wa ma'aikaciyar asibitin cewa shayarwa kike yi, ita za ta faɗa miki lokacin da ya dace.

Na san maigidanki zai ɓata rai, tunda hutun Disamba ya sa wa ido. Kada ki tunkare shi da maganar allura kaɗai, maza ba su cika jin wannan yaren ba. Ki ce masa a ƙarshen Fabrairu ciyawa ta bushe ta kwanta, ruwa ya janye daga ko'ina sai kogin Gaji, dole ɓauna da gwanki da giwa su gangaro su sha. Mai son ganin dabba da idonsa lokacin ya fi samun rabo, kuma wannan gaskiya ce, ba wayo nake koya miki ba. Sannan hunturu ya fara sassautawa, zafin bazara bai kankama ba. In kuka bari Afrilu ta shigo, ku haƙura sai wata shekarar, don zafin lokacin babba ma yana jigata, balle yaro, ga shi lokacin sanƙarau ne.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba mahaifinki ba, don a lokacin yana makarantar allo, kuma da ya ji da sai gari duka ya ji.

A shekarar 1973 ne, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, kuma shekarar da fari ya cinye gonakin tudu. Gero bai yi ba, dawa ba ta yi ba. Marigayi maigidana ya samu 'yar fadama a bakin kogi, tafiyar rabin yini daga gari, ya kafa jigo zai yi albasa da tumatir. Ba mai dafa masa abinci, sai na bi shi, da yayanki, ɗana na fari, a baya yana ɗan wata huɗu. Bukka ce ta kara da ciyawa, in kin kwanta kina hango taurari ta rufin. Da sanyi ya tsananta sai na ga dabara. Na bi duk wata kafa na toshe da tsumma da buhu, na yaɓe ƙasan da laka, na rataya tabarma biyu a ƙofa. Na tsaya na duba aikina ina jin daɗi, na ce yau ɗana ba zai ji sanyi ba. Da dare ya yi maigida ya tafi gadin gona. Na cika kasko da garwashi jajir, na shigo da shi, na ja tabarmin, na kwanta.

Ba kukan yaro ne ya tashe ni ba. Nono ne. Ya cika ya yi tauri yana zuba, don yaron da yake tashi sau uku a dare bai motsa ba ko sau ɗaya. Na buɗe ido na ji kaina kamar ana sara da gatari. Na yunƙura in tashi, ƙafa ta ƙi. Zuciyata tana tashi. Na lalubo yaron, jikinsa da ɗumi amma ya saki kamar tsumma, na sa masa nono a baki bai kama ba. Da rarrafe na kai ƙofa, na ture tabarmar da ka, na jawo shi waje cikin wannan sanyin da nake gudun masa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a kwance a kan rairayi ba. Abin da na sani shi ne can ya yi tari, ya yi wani ɗan kuka siriri, kuma duk waƙoƙin da na ji a duniya babu wadda ta kai wannan kukan daɗi.

Da gari ya waye mutanen tunga suka taru, kowa ya ce iska ce ta taɓa mu, a nemo turare, a nemo rubutu. Wata dattijuwar Bafulatana daga rugar da ke kusa, wadda take kawo mana nono, ta leƙa bukkar, ta kalli kaskon, ta kalli tsummokaran da na cusa, ta fara zare su ɗaya bayan ɗaya ba ta ce uffan ba. Da ta gama ta ce da ni, a Hausarta mai karyewa, su wuta a waje take kwana. Sai bayan shekaru, da na yi yaƙi da jahilci na shiga aikin unguwarzoma, na gane mutanen tunga ba su yi ƙarya ba. Iska ce kuwa, amma ba ta kan tsamiya ba. Gawayi in yana ci a wurin da aka rufe yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum yana barci ya zarce. Jariri kuwa ya fi saurin numfashi, shi take fara kamawa.

Bukkata ta kara ce, duk toshewar da na yi tana ɗan shan iska, shi ya sa muka kai labari. Tantinku na leda ne, mai zif. Ko garwashi, ko risho, ko ɗan murhun gas ɗin nan da ake ɗauka a jaka, ko fitilar kananzir, ko maganin sauro na kunnawa, kada ɗaya ya kwana da ku a ciki, ko da na minti biyar ne wai don a kashe sanyi. In akwai janareta kusa, ku kafa tantin nesa da hayaƙinsa. 'Yan tagogin raga da ke saman tantin kuma ba ado ba ne, ki bar su a buɗe.

To da me za a yi maganin sanyin? Da tufafi, da kuma abin da ke ƙarƙashinku. Sanyin daji daga ƙasa yake tasowa. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora bargo mai kauri, sannan 'yar katifa mai tauri wadda ba ta lotsawa. Katifar nan da ake hura wa iska ku bar wa manya, yaro yana iya juyawa fuskarsa ta nutse a ciki. Ki kwantar da shi rigingine, kusa da ke inda hannunki zai kai, ba filo, ba bargon manya a kansa. Ki sa masa riguna marasa nauyi biyu ko uku a kan juna, da safa, yadda in dare ya yi ɗumi za ki cire ɗaya, in asuba ta kawo jiki ki mayar. Abin da kika sa, ki ƙara masa ɗaya, ya isa. Mu Hausawa laifinmu naɗe yaro. Na sha karɓar jarirai a asibiti an dunƙule su cikin tawul uku da hular ulu, ana cewa zazzaɓi ne, ina kwance su in ga gumi ne kawai da ƙuraje. Kada ki auna shi da tafin hannu ko ƙafa, waɗannan kullum da sanyi suke. Ki zura yatsu biyu a ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In da ɗumi ba gumi, ki koma barcinki.

Hazo kuma yana busar da fata da hanci. Man kaɗanya ɗinmu na gado ya wadatar, a kumatu da leɓe da ƙafafu.

Maganar magariba. Kin san yadda tsofaffi suke kwashe yara daga tsakar gida da rana ta faɗi, kuma akwai umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na a tsare yara in dare ya fara shigowa. Na riƙe wannan a matsayina na Musulma, na kuma ga amfaninsa a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, don daidai lokacin ne sauro yake fitowa, kunama da maciji su ma su bar maɓoyarsu. Kafin a kira salla yaro ya ci, an goge masa jiki, an tofa masa addu'a, yana cikin gidan sauro. Ki tafi da naki gidan sauron mai magani ko da an ce tantin yana da raga, ki cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Kada rani ya ruɗe ki. Inda ruwa yake zaune shekara duka, sauro ma yana zaune. Man korar sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Naki ya wuce nan, amma kaɗan za ki shafa, a ƙafa da damtse, ban da fuska, ban da tafin hannu, tunda hannun nan kullum a baki yake.

Akwai kuma tsando a kurmin bakin kogi, cizonsa kamar an soka allura. Shuɗi da baƙi yake bi, har tarkon da ake kama shi da shi da yadin waɗannan launukan ake ɗinka shi. Wannan baƙin hijabin naki mai jan ƙasa da shuɗin majanyin da na gani a hoton suna, ki bar su a gida. Ki nemi masu haske. In kin goya shi kuma, kada ki lulluɓe shi ruf a cikin hijabi da rana, ki bar kansa a waje da 'yar hula, ki bi inuwa.

Na ce miki wata tara ya fi wata bakwai, amma ba zan ɓoye miki ba, yana da nasa aikin. Ɗan wata tara rarrafe yake yi, kuma duk abin da hannunsa ya kai bakinsa ne alƙali. A Wikki, sansanin baƙi na Yankari, gadu yana yawo tsakanin ɗakuna kamar akuyar gida, yana kiwo a durƙushe, yana barin kashinsa a ko'ina. Tsakuwa, ƙwaro, guntun kwalba, toka mai kama da ta mutu alhali ƙasanta wuta ce. Ki shimfiɗa babbar tabarma ki ce nan ne iyakar mulkinsa, kuma kullum a san wanda yaron yake hannunsa. Yawancin haɗarin da na gani a aiki ba a wurin da babu mutane ya faru ba. A cikin taro ne, uwa tana zaton yana wurin uba, uba yana zaton yana wurin uwa. In za ki tashi, ki kira suna ki ce ga shi nan a hannunka, ki ji an amsa. Don haka ma nake so ku tafi da mutum na uku, ƙanwar maigidanki ko wata mai hankali, ba 'yar shekara goma ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da safe kafin kowa ya sa takalmi a kaɗe shi. A kakkaɓe zani da majanyi kafin a goya. Da dare ba a taka ƙasa sai da tocila da takalmi rufaffe, don ƙasar nan daga Bauchi zuwa Gombe ƙasar kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. In tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wuri tamau da igiya. A hana gaɓar motsi a kama hanyar asibiti.

Yanzu masu gidan. Tun 1956 aka keɓe dajin nan domin dabbobi, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, wato gwaggon biran Wikki sun gaji kallon ɗan Adam kaka da kakanni, sun san kula, sun san leda, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Na je sau ɗaya da abokan aiki. Muna zaune a inuwa, wata abokiyar aikina ta fito da burodi a leda za ta yanka mana. Ban ga tahowarsa ba. Na dai ga wani ƙato ya dira a gabanta, ya kalle ta ido cikin ido, ya karɓi ledar kamar bashi ya zo karɓa, ya haye rufin ɗaki ya zauna. Ya kwance ƙullin a hankali da yatsu, ya ciro burodin, ya sako mana ledar. Muka yi ta dariya har da hawaye. Amma na ga haƙoransa lokacin da ya yi hamma, kuma na lura ko gezau ba ya yi in mace ta kore shi, sai namiji ya miƙe tsaye yake ja da baya. Ki sa wannan a ranki. Ba ya neman yaro, abin hannun yaro yake nema, kuma ba zai ce don Allah ba. Kada ki ba angona biskit ko ayaba ya riƙe a fili. Ki ba shi abinci a cikin mota ko a ɗaki. Abinci ya kwana a but ɗin mota a kulle, ba a tanti ba. Famfas ɗin da aka cire a ƙulle a leda a kai inda ake zuba shara, kada a jefa bayan tanti. Kada kowa ya miƙa wa biri abinci wai don a ɗauki hoto. Yaro kuwa ba a barin sa shi kaɗai a waje ko na ɗauko cokali ne.

Tunda na ambaci ɗaki: a sansanin Wikki akwai ɗakunan kwana. Ku kama ɗaya ko da tantin ne burinku. Ku tambayi ma'aikata inda aka yarda a kafa, kada maigida ya zaɓi wuri da kansa don ya ga ya yi kyau a hoto. In dare ya yi daɗi, ku kwana a tantinku. In yaro ya ƙi, ko iska ta taso, ga ƙofa mai sakata. Kuɗin ɗakin da ba a kwana ba bai kai kuɗin dare ɗaya a gadon asibiti ba.

Ruwan Wikki kuwa, ba zan hana ki ba, don ni ma da na sa ƙafa sai da aka yi da gaske na fito. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, kana ganin farin yashi a ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Amma ki tuna jikin mutum 37 ne. Ruwan da kika ji da ɗumi yana zuƙe zafin jikin yaro a hankali, kuma in ya fito iska ta buge shi nan take zai fara karkarwa. Ki kai shi da hantsi, in rana ta ɗaga. Ki tsaya a wurin da bai wuce gwiwarki ba, yana ƙirjinki, hannu biyu. Minti goma ya isa. Kada ya sha. Tawul yana hannun wani a bakin ruwa kafin ku shiga. Robar nan mai iska da ake zura yara a ciki ba ta riƙon yaro, hankalin uwa kawai take ɗaukewa. Ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba yana iya halaka mai rarrafe, kuma ba a jin ƙara, shiru abin yake faruwa. Ko bokitin wanki kika gama da shi, ki kifar.

Motar zagaya daji ta safe da ta yamma, ni dai da za a bi tawa, ba za a hau da shi ba. Awa biyu ana jijjiga a buɗaɗɗiyar mota, ga ƙura, ga tsando, kuma ba a sauka inda aka ga dama. Ku yi karɓa-karɓa. Maigida ya je da safe, ke ki ba shi nono ya ƙoshi ki je da yamma. Giwa ba za ta ji haushi don angona bai gaishe ta ba, shi ma ba zai tuna ba.

Abinci shi ne inda kika fi kowa sa'a, tunda kina shayarwa. Nono ba ya tsami, ba ya son wanki, biri ba ya sace shi. Kada ki ce za ki rage masa don tafiya, ƙara masa za ki yi, ke kuma ki sha ruwa sosai ki ci ki ƙoshi. Kununsa ki tafi da garin a bushe, ki dama sabo duk lokacin da zai sha. Kunun da aka dama da asuba aka zuba a flas ana ba yaro har la'asar, shi ne rabin gudawar da muke gani, sai a ɗora wa haƙori laifi. Ruwan shansa da na damu a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko na leda ne in ba ki yarda da shi ba. Kofi da cokali sun fi fida, don fida ba ta wankuwa a daji. Zuma kuma, ko an kawo ta sayarwa a hanya an ce ta dutse ce, ba a ba yaro sai ya shekara. Sabulu a kusa, ki wanke hannu bayan kin canza masa famfas da kafin ki taɓa abincinsa.

A jakarki ki sa ma'aunin zafi, da farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda huɗu ko biyar, da ƙwayar zinc. In gudawa ta zo, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ana ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, nono kuma ba a tsayawa. Zinc ɗin miligiram 20 ne kullum har kwana 10 ga wanda ya wuce wata shida.

Amma jaka ba asibiti ba ce, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Dajin nan ya fi murabba'in kilomita 2,200. Daga Wikki zuwa ƙofar Mainamaji kaɗai ya haura kilomita 40, daga nan ki fito Dindima, sannan ki kama titin Bauchi. Waya ba ko'ina take kamawa ba. Wanda yake cikin Kano in yaro ya yi zafi da dare yana iya cewa bari mu ga safiya. Ke ba ki da wannan. In ma'auni ya nuna 38 ko fiye, ko ya ƙi nono, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko maɗigarsa ta faɗa idanu suka zurma, ko kin ƙirga numfashinsa yana kwance shiru ya kai 50 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana shigewa ciki in ya ja iska, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba ki saba gani ba, to tafiya ta ƙare. Ba a tsayawa naɗe tanti. Ranar da kuka isa, tun kafin a sauke kaya, maigida ya tambayi ma'aikata wa ake tasa in larura ta taso da dare, kuma yaya ake fita. Tankin mota ya kwana da mai, makulli a wuri ɗaya da kowa ya sani. Kafin ku baro gida ku tambayi mutanen Bauchi halin da hanya take ciki a satin, ku yi sammako, kada dare ya same ku a titi. Duk awa biyu a tsaya a ciro shi daga kujerarsa ya miƙe, ya sha nono.

Saura ke. Duk abin da na lissafa, in ba a yi hankali ba, a kanki zai ƙare: ke ce mai dama kunu, ke ce mai gadi, ke ce mai tashi da dare, maigida yana can yana ɗaukar hoton faɗuwar rana. Wannan ba hutu ba ne, aikin gida ne aka kai shi inda babu famfo. Ki gaya wa surukina, ina gaishe shi da kyau, na kuma yaba da mijin da yake son fita da iyalinsa maimakon ya bar su ya tafi da abokai. Amma wanda ya kawo shawarar daji shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai hura wuta, shi ne mai wanke tukunya. Kuma ku fara da kwana ɗaya, ba uku ba. Kafin nan ma ku kafa tantin a tsakar gidanku wani daren Juma'a ku kwana a ciki, ku ga abin da kuka manta tun ɗaki yana taku biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. In maƙwabta sun yi dariya, ki ce Goggo ce ta sa.

Akwai abin da ban manta ba daga tungar nan, bayan daren kasko. Na koma kwana da tufafi, wuta tana waje. Da asuba nakan fito da yayanki a cikin zani, in zauna a bakin bukka ina ba shi nono, hazo yana tashi daga kan kogi, jigo yana ƙara, balbelu suna wucewa a jere. Yakan saki nonon ya bi su da ido har su ɓace, sannan ya dawo ya kama. Wata huɗu muka yi a wurin. Na haifi bakwai bayansa a ɗakin kwano, babu wanda na samu zama da shi haka.

Ranar da aka yi wa angona allurar wata tara, ki ɗauki hoton katin ki turo mini in gani da idona. In za ku wuce kuma ku biyo ta nan, hanya ce. Akwai farin majanyi na saƙi a ƙasan akwatina, na wanke shi na ajiye masa.